Kurakuran da ke sa kuɗin gwamnati tsallake makarantun ƙauye

Tun da aka yi dokar ilimin bai-ɗaya a 2004, gwamnatin tarayya na ware kashi 2 cikin 100 na asusunta na bai-ɗaya ga UBEC, hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa. Jiha ba ta karɓar kason gine-gine sai ta zuba nata daidai da shi, ta kuma miƙa tsarin ayyukan da za ta yi ta hannun SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha. Makarantar da ba ta shiga wannan tsari ba, ko a Sumaila take ko a Gwaram, sai ta jira wani zagayen.

Kuskure mafi tsada shi ne wasa da ƙidayar makarantu ta shekara-shekara. Wani hedimasta ya cike fom ɗin a tsaitsaye, ya kwafo alƙaluman bara. Wani kuma ya ƙara yawan yara don a tausaya masa. Duka biyun cutar makaranta ne. Wanda ke zaune a ofis a Dutse ko Kano bai taɓa ganin ajin da iska ta yaye wa kwano ba, takarda yake gani. In masu sa ido suka zo suka tarar rajista ta saɓa wa fom, an daina yarda da maganar makarantar ke nan, har da koken da yake na gaskiya. A ƙirga yara aji-aji, maza da mata, a rubuta kujeru nawa ne masu rai, ban-ɗaki nawa ke aiki, a ajiye kwafi.

Sai kwamitin mutanen gari mai kula da makaranta, wato SBMC, na suna kawai. An rubuta dagaci da liman, an sa sunan mace ɗaya don cika sharaɗi, ba a taɓa zama ba. Tallafin da ke zuwa kai tsaye ga makaranta yana neman kwamiti mai asusun banki da sunan makarantar, da littafin taro, da tsarin raya makaranta. Kada kuɗin ya taɓa shiga asusun mutum, kome amanarsa. Gudummawar gari ma a rubuta ta: yashi, ruwa, aikin gayya. Iyaye mata kuwa a bar su su yi magana, domin su suka san dalilin da ya sa 'yan mata ke daina zuwa, kuma sau da yawa rashin ban-ɗaki ne da ruwa.

Akwai kuma kai koke inda ba nan ba ne. Wasiƙa ta fara daga sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, a karɓi shaidar an miƙa ta. Neman ɗan majalisa ba laifi ba ne, amma ya zama ƙari a kan takardar.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda gari ke naɗe hannu da zarar ɗan kwangila ya sauke bulo. Ku tambayi abin da aka rubuta a kwangilar: aji nawa, da kujeru ko babu. Ku ɗauki hoto tun daga tushe har rufi, kuma kada hedimasta ko shugaban kwamiti ya sa hannu cewa an gama alhali ba ƙofa ba taga.