Yadda iyaye Kirista za su riƙe bangaskiya da magani tare idan yaro yana da farfaɗiya

Iyaye masu bi da yawa ba rashin addu'a ke kayar da su ba idan likita ya ce ɗansu yana da farfaɗiya. Abin da ke kayar da su shi ne zaton cewa dole su zaɓi ɗaya, ko Allah ko ƙwayar magani. Daga wannan zato ake samun yaron da ya yi wata takwas lafiya lau, aka tsayar masa da magani bayan wani taron addu'a, kafin mako ya zagayo an kwantar da shi a asibiti. Matakan nan an jera su ne don kauce wa wannan.

Na farko, ku cire laifi daga kanku, ku kuma cire shi daga kan yaron. A Yohanna 9:1-3 almajirai sun ga wanda aka haifa makaho, suka tambayi Yesu wa ya yi zunubi, shi ko iyayensa. Ya ce ba shi ba ne, ba kuma iyayensa ba. Farfaɗiya hargitsi ne na ɗan lokaci a saƙonnin lantarki na ƙwaƙwalwa. Wahalar haihuwa na iya jawo ta, haka sanƙarau, buguwa a kai, ko gado, kuma sau da yawa ba a gano dalili ko an yi hoton ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 50 ke fama da ita, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya daina faɗuwa idan an gano ciwon daidai aka ba su maganin da ya dace. Ba a ɗaukarta ta yawu, ba a ɗaukarta ta taɓawa.

Na biyu, ku karanta Markus 9:14-29 da kanku, a natse, tun kafin wani ya karanta muku shi a gurguje. Wannan ne nassin da za a fi jefa muku. Yaron da ke cikinsa yana faɗuwa, yana kumfa, yana cizon haƙora, yana sandarewa, kuma nassin ya faɗa a fili cewa aljani ne ya kama wannan yaron. Amma bai ce duk mai faɗuwa aljani ne da shi ba. Ku buɗe Matiyu 4:24, inda aka lissafa waɗanda aka kawo wa Yesu: masu aljannu daban, masu farfaɗiya daban, shanyayyu daban. Ku kuma lura da abin da Yesu ya yi a Markus 9 kafin ya warkar da yaron. Ya tambayi uban tun yaushe abin yake samun yaron, irin tambayar da likita ke fara yi. Uban ya ce ya ba da gaskiya, amma a taimaki rashin bangaskiyarsa, kuma ba a kore shi saboda wannan rabin-rabin ba. Duk wanda ya ce muku ciwon bai tafi ba don bangaskiyarku ta yi kaɗan, ku nuna masa aya ta 24.

Na uku, kuma nan ne ake yin ɓarnar: kada a tsayar da magani don nuna bangaskiya. Ko kwana ɗaya. Ko wane ne ya ce an warke.

Dalilin shi ne yadda magungunan ke aiki. Fenobabital, kabamazefin, sodiyam balfurowet, lebetirasitam, dukansu ba sa cire ciwon, danne shi suke yi muddin akwai wani adadi nasu a cikin jini. Shirun da kuke gani na wata shida ko shekara, aikin maganin ne. Idan aka yanke shi farat ɗaya, ƙwaƙwalwar da ta saba da shi takan mayar da martani da ƙarfi, har a samu jijjigar da ba ta tsayawa, ko wadda ke zuwa a jere ba tare da yaron ya farfaɗo a tsakani ba. Wannan tana lalata ƙwaƙwalwa, tana kuma kisa. Abin da ke ruɗin mutane shi ne maganin ba ya fita daga jiki nan take, musamman fenobabital da ke ɗaukar kwanaki. Sai a tsayar ranar Lahadi, Litinin lafiya, Talata lafiya, a tashi a ba da shaida, Alhamis da dare kuma a rasa inda za a sa kai.

Idan kun gaskata Allah ya warkar da yaron, akwai hanyar da Yesu da kansa ya nuna. Da ya warkar da kuturu a Markus 1:44, ya aike shi ya nuna kansa ga firist, wanda aikinsa ne ya duba ya tabbatar. Ku kai yaron wurin likitansa. Yawanci sai an yi kamar shekara biyu ba faɗuwa kafin a fara maganar ragewa, wani lokaci a sake gwajin lantarkin ƙwaƙwalwa, sannan a riƙa ragewa kaɗan-kaɗan cikin makonni ko watanni. Warkarwa ta gaske ba ta tsoron wannan jiran. Yanke magani don a ga ko Allah zai tare kuwa ya fi kama da abin da Shaiɗan ya nema a Matiyu 4:5-7, wato a diro daga ƙololuwar haikali, kuma amsar da ya samu ita ce kada a gwada Ubangiji Allah. Ishaya annabi ne, amma ya sa aka ɗora wa Hezekiya curin ɓaure a kan marurunsa. Bulus kuma ya kira Luka ƙaunataccen likita.

Wata dabara da na fi so: ku ɗaure lokacin magani da lokacin addu'ar iyali. Idan sau biyu ne a rana, awa 12 tsakani, to addu'ar safe da ta dare su zama a waɗannan lokuta, a sha magani sannan a buɗe Littafi Mai Tsarki. Yaron zai taso yana ganin su abu ɗaya ne. Ku sayi na gaba tun saura na mako guda, domin ƙarewar magani ranar da aljihu ya bushe tana jawo faɗuwa daidai da yanke shi da gangan. In kuɗin ya yi nauyi, ku faɗa wa likita ya duba mai sauƙi, kada ku raba ƙwaya biyu da kanku don ta daɗe. Yaro yana girma, ana auna magani da nauyin jiki, saboda haka a riƙa auna shi a kowace ziyara. Ƙuraje a fata bayan fara kabamazefin, a koma asibiti a ranar. 'Ya mace da ta kusa balaga tana shan balfurowet, a tayar da maganar da likita, don yana cutar da ɗan tayi.

Na huɗu, ku koyi yin addu'a da hannu yana aiki. Idan ciwon ya tashi, abu na farko duba agogo ne. A janye abin da zai ji masa rauni, a sa abu mai laushi ƙarƙashin kansa, a sassauta wuyan riga. Kada a danne shi, kada a sa masa cokali ko yatsa ko ruwa ko mai a baki. Ba ya haɗiye harshensa, amma abin da kuka zuba yana iya bi ta huhu. Da zarar jijjigar ta lafa, a kwantar da shi ta gefe don yawu ya zubo. Yawancinta takan wuce cikin minti ɗaya zuwa uku. Idan ta kai minti 5, ko ta sake dawowa bai farfaɗo ba, ko numfashi ya ƙi daidaita, ko a cikin ruwa ta same shi, asibiti kai tsaye, a ci gaba da addu'ar a hanya. Mutum ɗaya ya isa ya yi addu'a da murya ƙasa-ƙasa. Taron mutane a kansa suna ihu yana firgita yaron da ya farka a ruɗe, kunyar kuma takan daɗe fiye da ciwon. In da hali a ɗauki bidiyo da waya don likita kawai, a rubuta rana, lokaci, tsawonta, da abin da ya faru kafin ta.

Na biyar, ku gyara yadda yake shiga hidimar ikilisiya, kada ku cire shi. Rashin barci yana cikin manyan masu tayar da ciwon, don haka addu'ar kwana ba tasa ba ce. Azumi ma haka, iyaye su yi a madadinsa. Fitilu masu walƙiya suna tayar wa kaɗan daga cikinsu. Idan baftismar nutsarwa za a yi, mai yin ta ya san da ciwon, wani babba kuma ya tsaya kusa cikin ruwan. Ku zauna da fasto da malamin makarantar Lahadi ku koya musu mataki na huɗu, minti goma ya isa.

Sauran a taƙaice. Ku gaya wa yaron sunan ciwonsa da bakinku, kada ku taɓa kiran aljani a gabansa. In ya tambaya me ya sa Allah bai ɗauke ba, ku karanta masa 2 Korintiyawa 12:7-9, inda Bulus ya roƙa sau uku a cire masa ƙaya, aka ce masa alheri ya ishe shi. 'Yan'uwansa ma suna tsorata, a ba kowa aikinsa, wani agogo, wani matashin kai. Ranar da addu'a ta ƙi fita, Zabura 13 da 88 suna nan, cike suke da kuka kuma Allah ya bar su a littafinsa. Tsaron dare kuma a riƙa yin sa bi da bi, uwa yau, uba gobe, domin wanda bai yi barci ba shi ne ke manta maganin safe.