Yadda ake gwada manhaja kafin a sake ta ga jama'a

Gwajin manhaja kwatanta abu biyu ne: abin da ya kamata manhajar ta yi, da abin da ta yi a zahiri. Wanda ya buɗe manhaja ya danna nan ya danna can, sannan ya ce "tana aiki", yana da na biyun kawai, don haka babu abin da ya gwada. Bari mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi: manhajar sayen tikitin jirgin ƙasa, wadda ke ba mutum damar sayen tikiti daga 1 zuwa 6 a lokaci guda, kuma yaron da bai kai shekara 12 ba yana biyan rabin kuɗi.

Mataki na farko: rubuta amsar kafin ka taɓa manhajar

Ka samu takardar da aka rubuta buƙatun manhajar, ka karanta ta da idon mai neman rigima. "Yaron da bai kai shekara 12 ba" a fili yake, amma da wace rana za a lissafa shekarun nasa, ranar sayen tikiti ko ranar tafiya? Idan ya cika 12 tsakanin ranakun biyu fa? Irin wannan tambaya ba mai gwaji ne zai amsa ta da kansa ba. A mayar da ita ga mai manhajar, ya yanke, a rubuta. Kuskuren da aka kama a nan gyaransa canza jimla ɗaya ne a takarda, wanda kuwa aka bari sai bayan an gina komai a kansa, gyaransa rushe gini ne.

Daga nan sai ka rubuta kowane gwaji da abubuwa uku: halin da manhajar take ciki kafin a fara, abin da za a yi, da sakamakon da ake tsammani. Misali: mutum ya shiga asusunsa, ya zaɓi babba ɗaya da yaro ɗan shekara 9, jimillar kuɗin ta zama kuɗin tikiti ɗaya da rabi. A rubuta wannan sakamakon tun kafin a gwada. Dalili kuwa shi ne ido yana da saurin yarda. Idan ka fara ganin abin da allo ya nuna, zuciyarka za ta samo masa hujja ko da ba daidai yake ba.

Mataki na biyu: zaɓi abin da za ka gwada

Ba zai yiwu a gwada komai ba. Gurbin rubuta suna kaɗai yana iya karɓar haɗin haruffan da ba za su ƙirgu ba. Masanin kwamfuta ɗan ƙasar Holan, Edsger Dijkstra, ya daɗe da nuna cewa gwaji yana iya tabbatar da akwai kuskure, amma ba ya iya tabbatar da babu. Saboda haka gwanintar mai gwaji tana wajen zaɓi, kuma dabaru biyu ne suka fi ɗaukar nauyin aikin.

Ta farko, raba abin da ake shigarwa rukuni-rukuni. A gurbin adadin tikiti akwai rukuni uku: ƙasa da 1, daga 1 zuwa 6, da sama da 6. Idan 3 ta yi aiki, akwai kyakkyawan zaton 4 ma za ta yi, don hanya ɗaya suke bi a cikin manhajar. Wakili ɗaya daga kowane rukuni ya isa.

Ta biyu, ka matsa kan iyaka, domin a nan kurakurai suka fi taruwa. Gwada 0 da 1, sannan 6 da 7. A gurbin shekaru, gwada 11 da 12, har da yaron da yau ne yake cika 12. Mai rubuta manhaja yana iya sa "ƙasa da" a inda ya kamata ya sa "ƙasa da ko daidai da", kuma gwada 9 ko 30 ba zai taɓa tona wannan ba. Kwanan wata ma cike yake da iyakoki: ƙarshen wata, tsakar dare, 31 ga Disamba, da 29 ga Fabrairu. Shekarar 2000 tana da 29 ga Fabrairu, 1900 ba ta da ita, kuma 2100 ma ba za ta samu ba, duk da cewa dukansu suna rabuwa da 4. A ranar 31 ga Disamba, 2008, na'urorin sauraron kiɗa na Zune na kamfanin Microsoft suka sandare saboda lissafin kwanan wata bai iya da rana ta 366 ba.

Akwai kuma iyakar da ba a gani a allo, wato girman adadin da kwamfuta ta ware wa gurbi. Ranar 4 ga Yuni, 1996, roket ɗin Ariane 5 na ƙasashen Turai ya tarwatse kafin ya cika minti ɗaya da tashi. An ɗauko wani ɓangaren manhaja daga Ariane 4, inda ya yi shekaru yana aiki lafiya, amma sabon roket ɗin ya fi saurin tafiya a kwance, sai wani adadi ya fi ƙarfin gurbin da ba ya ɗaukar sama da 32,767. Abin lura ga mai gwaji: tsohon ɓangare da aka kawo sabon wuri sabo ne, a gwada shi da adadin sabon wurin.

Bayan waɗannan sai ka yi wa manhajar ganganci. Bar gurbi babu komai. Rubuta haruffa a inda ake son lamba. Sa suna mai ƙ ko ɗ ko ɓ, ko mai alamar ɗauri (') irin ta Sa'adatu, domin wannan 'yar alamar tana rikita rumbun bayanan da ba a tsare shi da kyau ba, kuma ta irin wannan kafar masu kutse ke shiga. Danna maɓallin biya sau biyu da sauri ka ga ko za a cire kuɗi sau biyu. Katse intanet ana tsakiyar biya. A ganina wannan na ƙarshen ya fi gwaji goma na hanyar da komai ke tafiya daidai, don shi ne abin da zai faru da mutane kullum.

Mataki na uku: gwada daga ƙarami zuwa babba

Ana farawa da ƙananan sassa, kowanne shi kaɗai. Sashen da ke lissafa rabin kuɗi, a ba shi shekara 11 a ga amsa, a ba shi 12 a ga amsa. Masu rubuta manhajar ne ke yin wannan, da kayan aiki irin su JUnit ga harshen rubuta manhaja na Java ko pytest ga Python. Irin waɗannan gwaje-gwajen suna gudu cikin daƙiƙoƙi, don haka su ya kamata su fi yawa.

Sai gwajin mahaɗa, inda sassa biyu ke miƙa wa juna bayani. Kowane sashe yana iya zama daidai shi kaɗai, amma su saɓa idan sun haɗu. A watan Satumban 1999 hukumar NASA ta yi asarar kumbon Mars Climate Orbiter saboda wata manhaja tana fitar da lissafin ƙarfin turawa da ma'aunin fam, wadda ke karɓa kuma tana ɗaukar sa a ma'aunin niyuton. A manhajarmu ta tikiti, tambayar ita ce: sashen lissafi da sashen biya sun yarda kan yadda ake rubuta kuɗi da kwanan wata?

Daga nan a gwada manhajar dungurungum, daga shiga har fitowar tikiti, a waya da kwamfuta, a tsohuwar waya mai ƙaramin allo da intanet mai jan ƙafa. A turo mata dubban masu saye na bogi a lokaci guda da kayan aiki irin JMeter, a ga inda za ta durƙushe. Ƙarshe sai mai manhajar ko waɗanda za su yi amfani da ita su gwada, su ce ko abin da suka nema ke nan.

Mataki na huɗu: rubuta rahoton kuskure

"Biya ba ya aiki" ba rahoto ba ne. Rahoto mai amfani yana ɗauke da sigar manhajar, irin wayar ko burauzar (manhajar buɗe shafukan intanet), matakan da ka bi ɗaya bayan ɗaya, abin da ka yi tsammani, da abin da ka gani, tare da hoton allo. Kafin ka aika, sake bin matakan ka tabbatar kuskuren yana maimaituwa, sannan ka rage su zuwa mafi ƙaranci. Kuskure ɗaya, rahoto ɗaya. Ka kuma bambanta girman ɓarna da gaggawar gyara: sunan kamfani da aka rubuta ba daidai ba a shafin farko ɓarnarsa kaɗan ce, amma yau za a so a gyara shi. A rubuta abin da manhaja ta yi, a bar batun wanda ya jawo.

Mataki na biyar: bayan gyara, sake gwadawa

Gwada abin da aka gyara, sannan ka gwada maƙwabtansa, domin gyaran rabin kuɗin yara yana iya ɓata lissafin manya. Wannan maimaicin ne ya fi dacewa a miƙa wa kwamfuta. Da Selenium ana sa burauza ta riƙa danna maɓallai da kanta, kuma da Jenkins ko GitHub Actions ana sa duk gwaje-gwajen su gudu a duk lokacin da wani ya canza wani abu. Duk kuskuren da aka kama, a rubuta masa gwajinsa na dindindin don kada ya dawo a ɓoye. Sai dai kwamfuta abin da aka ce ta duba kawai take dubawa. A ware lokacin da mutum zai yi yawo cikin manhajar ba tare da takarda ba, yana bin abin da ya ba shi shakka.

Inda tabbatar da inganci ya zarce gwaji

Gwaji yana neman kuskuren da ya riga ya shiga. Tabbatar da inganci kuwa duba yadda ake aikin ne tun daga tushe, don rage shigarsa. Mafi sauƙin ɗabi'a a nan ita ce kada wani rubutu ya shiga manhaja sai wani mutum daban ya karanta shi. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, kuma wanda ya rubuta abu yakan gwada shi ta hanyar da ya san zai yi aiki. Hanyar ɗora manhaja a saba, wato babbar kwamfutar da manhajar ke gudu a kanta, ma tana cikin abin dubawa. Ranar 1 ga Agusta, 2012, kamfanin hada-hadar hannayen jari na Knight Capital a Amurka ya yi asarar kimanin dala miliyan 440 cikin kusan minti 45, saboda an ɗora sabuwar manhaja a saba bakwai an tsallake ta takwas, tsohon umarnin da ke kwance a cikinta ya farka.

Tun kafin a fara gwaji a amince a rubuce kan sharaɗin tsayawa, misali duk gwaje-gwajen biya sun wuce kuma babu wani babban kuskure da ke buɗe. In ba haka ba, ranar da aka yi wa mai kaya alkawari ce za ta yanke hukunci. Idan lokacin saki ya yi, a fara ba kaso kaɗan na masu amfani, a sa ido, sannan a faɗaɗa. A ranar 19 ga Yuli, 2024, wani sabunta bayanai na kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike ya tafi ga kowa kusan a lokaci guda, ya durƙusar da kwamfutoci masu Windows kimanin miliyan 8.5 bisa ƙiyasin Microsoft, har jiragen sama suka kasa tashi. Hanyar komawa tsohuwar siga ita ma a gwada ta kafin ranar saki, a auna minti nawa take ɗauka, a kuma rubuta sunan wanda ke da ikon ba da umarnin komawar.