Yadda za ka tara irin gida ka kuma tsare shi daga laimar Legas

Ido ba ya bambance waken gida da wanda aka sauya wa ƙwayar halitta, wato GMO. Sana'ata ke nan, sayar da wake da hatsi a kasuwar Mile 12 ta Legas, kuma ko ni da nake damƙar wake tun safe har yamma ba zan rantse maka a kan buhun da ban san gonarsa ba. Don haka kada wani ya ruɗe ka da cewa manyan ƙwayoyi ko tumatur mai sheƙi su ne GMO. Irin GMO da gwamnati ta amince manoma su shuka zuwa 2024 guda uku ne: auduga a 2018, sai wake mai suna SAMPEA 20-T da cibiyar bincike ta Samaru a Zariya ta fitar aka amince da shi a 2019, sai masarar TELA a 2024. Hukumar NBMA mai sa ido a kan GMO, da aka kafa a 2015, ita ke sa hannu.

Masu waken nan suna cewa yana kashe tsutsar da ke huda fure da kwanso, yana rage feshi daga sau shida ko takwas zuwa biyu, hukuma kuma ta ce ba ya cutarwa. Na ji, amma ban gamsu a bar mu da shi haka ba. Idan kowa ya koma iri ɗaya, wa zai riƙe kanannado da ɗan ila da aloka? Kanannado ba ƙwaya kaɗai yake bayarwa ba, harawarsa ce ragunan kasuwar Alaba Rago ke ci kafin babbar salla. Sannan mai sayen ƙosai a Agege ba a tambaye shi ba, kuma babu inda za a manna masa takardar shaida a jikin ƙosai ko a bakin derika. Ƙungiyoyin kare muhalli irin HOMEF ta Nnimmo Bassey suna ta fafutuka a kan dokar GMO, Allah ya taimake su. Namu aikin shi ne kada irin ya ɓace a hannunmu.

Fara da tambaya tun wajen saye. Kada ka tsaya a “nawa ne?” Ka ce, “Alhaji, wannan daga wace kasuwa aka ɗauko shi, Dawanau ko Potiskum? Ka san manomin?” Yawanci dillali zai ce maka hannu ya yi yawa, kuma gaskiya ya faɗa, domin buhu ɗaya kan haɗa waken gonaki da dama. Irin wannan na tukunya ne, ba na shuka ba. Wanda za ka ajiye a matsayin iri, ka nemo shi daga mutumin da ya shuka shi shekara da shekaru. Tsofaffin mata sun fi kowa riƙe wannan amana. Kira gida ka ce, “Inna, cikin waken da kike ajiyewa a tulu, a ɗebar min tafi biyu.” Ka tambaye ta sunansa, wata nawa yake kai wa girbi, wace ƙasa yake so, jigawa ko laka. Haka za ka yi da maiwa da dauro da kaura da farafara da gujiya da riɗi da acca. Ka rubuta amsar a takarda ka jefa cikin mazubin, wata kuma ka manna a waje.

Da irin ya iso Legas, babban abokin gabarsa danshi ne. Abin da zai shekara lafiya a rumbu a Katsina, a nan cikin 'yan makonni sai ka buɗe ka tarar ya yi fumfuna ko ya mutu ba tare da ya canja kama ba. Lokacin busarwa shi ne hunturu, Disamba zuwa Janairu, sa'ad da iska ta bushe. Shimfiɗa tabarma ko buhu, kada ka zuba kai tsaye a kan siminti ko kwanon rufi, zafin rana tsaka yana dafa ƙwayar. Shanya da hantsi, ka kwashe kafin la'asar ta yi sanyi, kada raɓa ta same shi. Ka maimaita har sai ka ciji ƙwaya ta fashe ƙas, ba ta lotsa ba.

Haƙori yakan yi kuskure, shi ya sa nake ƙarawa da gishiri. Samo kwalba busasshiya ƙarau, zuba gishirin da ka soya a kasko ya huce kamar cokali biyu, ƙara tafin iri, rufe, girgiza sosai, ka ajiye na ɗan lokaci ka sake girgizawa. Ɗaga kwalbar ka duba ta wajen haske. Idan gishirin ya manne a jikin gilashin ya yi dusu-dusu, akwai sauran ruwa, mayar da shi shanya. Idan ya zube ƙasa wasai, irin ya bushe.

Sai maganar ƙwari. Wake yana zuwa da ƙwayayen ƙwarinsa tun daga gona, ko da ka gan shi sumul. Ina roƙonku don Allah, kada a zuba masa maganin ƙwari na Sniper. Irin wannan maganin ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015, kuma 'ya'yanmu ne ke cin abin da ya rage a nan. Ƙwaro numfashi yake yi, hana shi iska kawai. Wanke jarka ko robar ruwa, ka bar ta ta bushe sarai, ka cika ta da wake har wuya kana bubbuga gindinta don ya zauna, ka sa leda a baki ka murɗa murfi. Kada ka buɗe sai bayan wata biyu. Idan buhu guda ne, sayi buhun PICS mai leda biyu a ciki, ka ɗaure kowace daban. Ɗan kaɗan kuwa, toka da aka tankaɗe ta isa, a cuɗa ta da irin har ta cike tsakanin ƙwayoyi. Wanda ke da maƙwabci mai sayar da ƙanƙara, ya roƙe shi ya sa masa kwalbar a firiza kwana huɗu. Amma sai irin ya bushe tukuna, kuma bayan an fito da ita a bar ta ta huce kafin a buɗe, in ba haka ba gumi zai sauka a kan irin. Mazubin ya zauna a kan katako, nesa da bango da murhu.

Iri ba kayan ado ba ne, in ba a shuka shi ba mutuwa yake yi a hankali. Kafin damina, ƙirga ƙwaya 20, naɗe su a jiƙaƙƙen tsumma, ka riƙa yayyafa ruwa har mako guda. Idan 16 ko fiye sun tsiro, kana da iri. Idan rabi ne, a shuka shi bana a sabunta. A nan sai a yi hankali, domin ba kowane iri ne ke son Legas ba. Kanannado yana jiran rana ta gajarta kafin ya yi fure, ga shi ba ya son yawan ruwa, a nan sai ya yi ta yaɗo yana tara ganye da ƙwari. Gero da dawa ma na Arewa ne. Waɗannan ka adana su, ka mayar gida a sabunta.

Abin da za ka iya sabuntawa a bayan ɗaki a Idi-Araba ko Agege shi ne kayan miya: kuɓewa, alayyafo, yakuwa, lalo, attaruhu, gauta. Huda gindin tsohon buhun shinkafa, cika shi da ƙasa da ruɓaɓɓen taki, ka ajiye inda rana ke samu. 'Yan uwanmu masu lambu a wajen Ojo sun daɗe da gane cewa shukar da za ta ba da iri gara ta ƙosa a ƙarshen ruwa, wajen Nuwamba, don ta bushe a tsaye. Zaɓi uwa mafi lafiya, ba ragowar da aka gaji da tsinka ba, ka ɗaura mata ƙyalle don yara su san ba ta miya ba ce. Kuɓewa a bar ta har kwanson ya yi ruwan ƙasa ya fara tsagewa. Alayyafo a yanke kan a sa cikin buhu a girgiza. Ka tara daga uwa da yawa, ba ɗaya ba, kuma kada ka jera kuɓewa iri biyu kusa da juna, ƙudan zuma zai haɗa su.

Masara ce ta fi ba ni tsoro. Wake yawanci kansa yake yi wa barbara, amma garin furen masara iska ke ɗauka daga gona zuwa gona. Idan ɗan'uwanka a gida yana da tsohuwar masara, maƙwabcinsa kuma ya shuka TELA, ka gaya masa ya bar tazarar mita 200 ko fiye, ko ya sa mako uku zuwa huɗu tsakanin shukarsu don kada su yi fure tare, ya kuma cire zangarniyar iri daga tsakiyar gona. TELA iri ne mai aure, wanda ya ajiye 'ya'yansa ba zai sami yabanya irin ta farko ba, sai ya koma shago.

Kada iri ya zauna a gida ɗaya. A Legas akwai ambaliya, akwai gobarar kasuwa, akwai rusau. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan tana ajiye da nau'in wake sama da 15,000, abin a yaba ne, amma manomin da ruwa ya sauka masa yau ba zai tafi Ibadan ba. Mu a layinmu adashi muke yi: wanda ya karɓi derika ɗaya, bayan kaka ya dawo da biyu, littafin kuma yana hannun dattijon da kowa ya yarda da shi. Kowane iri a raba shi gida biyu a nan, kashi na uku a Arewa. Na Arewan ya tafi tun watan Afrilu ko Mayu a hannun direban da ka sani, cikin jarka a rufe, a gaban mota ba a ƙarƙashin kaya ba. Ka rubuta a jiki da manyan baƙi cewa iri ne, ba na ci ba, ka kuma kira wanda zai karɓa ka gaya masa ranar da motar ta tashi.