Yadda Ake Zama Shugaban Masu Gogen Turawa, Farawa Daga Kano

Duk wanda ya tashi a Kano ya san goge, da ƙwaryarsa da fatar guza da tsirkiya ɗaya ta izgar doki. Gogen Turawa, wanda ake kira biyolin, ya yi tarayya da shi wajen baka da ƙaron da ake goga wa izga, sai dai tsirkiyarsa huɗu ce, G da D da A da E, kuma daga rubutu ake karanta kiɗansa. Wanda yake son ya mai da shi sana'a har ya shugabanci masu goge a okestira, wato babbar ƙungiyar makaɗa, sai ya ɗaura ɗamarar aikin shekaru masu yawa.

Ka fara da neman malami kafin ka sayi gogen. A Kano, wurin da ya fi dacewa ka fara cigiya shi ne Sabon Gari, inda ake samun makaɗan coci masu karanta rubutun kiɗa da shagunan kayan kiɗa. Darasi ta intanet yana da amfani, amma a shekarar farko kana bukatar wanda zai kama hannunka ya gyara maka riƙon baka, domin wuyan gogen ba shi da alamar inda yatsa zai sauka, kunne ne kaɗai alƙali, kuma hannun da ya saba da kuskure ya fi na sabon shiga wuyar gyara. Idan yaro ne zai koya, a saya masa daidai tsawon hannunsa, mai girman 1/4 ko 1/2 ko 3/4 na babban goge, kada a ce zai girma ya tarar da babba.

Akwai wata matsala da mai koyo a Landan bai santa ba, ita ce hunturu. Katakon gogen ya fi son danshin iska tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari, iskar Janairu a Kano kuwa tana sauka ƙasa da haka nesa ba kusa ba. Sai ka buɗe akwatin da safe ka tarar maɗauran tsirkiya sun kwance, wani lokaci har katakon ya tsage. Ka ajiye ɗan soso mai laima cikin gwangwani mai huji a akwatin, ka sassauta izgar baka bayan kowane atisaye, kada kuma ka bar gogen cikin mota a rana.

Bayan haka sai jarrabawa. Hukumar ABRSM ta Ingila, mai shirya jarrabawar kiɗa, tana da matakai daga 1 zuwa 8, kuma takardarta tana da daraja a wurare da yawa. Daga nan dole tafiya ta kama ka, galibi zuwa Legas, inda MUSON, ƙungiyar raya kiɗa ta Najeriya wadda aka kafa a 1983, take da makarantar kiɗa da okestira a Onikan, ko kuma sashen kiɗa na jami'a irin ta Nsukka.

Kujerar shugaban masu goge tana hannun hagun mai sandar jagoranci, wato wanda yake tsaye a gaba yana jagorantar okestira duka, kuma ba saurin yatsu kaɗai ke kai mutum can ba. Shugaba ne yake miƙewa a daidaita sauti, mai busa obo, wani abin busa mai kama da algaita, ya ba da muryar A, kowa ya saita nasa a kanta. Shi ne yake yanke inda baka zai hau da inda zai sauka, ya rubuta da fensir a kwafa wa sauran, har hannayen masu gogen duka su tashi tamkar na mutum ɗaya. A ganina, wanda bai taɓa zama a kujerun baya yana bin wani ba, ba zai san abin da na baya suke nema a kafaɗar shugaba ba, don haka ka karɓi kujerar baya ka yi ta kallo.

Ranar gwajin ɗaukar aiki, yawanci ana neman kashin farko na kiɗan Mozart, shahararren mai tsara kiɗa na Turai, da zaɓaɓɓun sassa daga manyan kaɗe-kaɗen okestira, sau da yawa a bayan labule don kada alƙalai su ga fuskarka. Wanda ya ci ma ba a tabbatar masa da kujerar nan take, sai ya yi zaman gwaji, sau da yawa na shekara guda, kafin a yanke shawarar riƙe shi ko sallamarsa.