Yadda ake ɗaga iyakar lambobin PID a Linux ba tare da karya tsoffin manhajoji ba

Kusan duk matashin da ya zo koyon kula da sabar a wurina nan Kaduna, da zarar ya ga saƙon "fork: Resource temporarily unavailable", abin da yake fara kawowa shi ne a ƙara RAM ko a kama hayar sabar mafi girma. A yadda dala take yanzu, wannan asarar kuɗi ce, domin sau da yawa lambobin PID ne suka ƙare, wato lambobin shaida da Linux ke ba kowane aiki da ke gudana a na'ura, ko wani ƙaidi ya cika.

Da farko ka duba iyakar da kake kai da umarnin cat /proc/sys/kernel/pid_max. Idan ka ga 32768, kana kan tsohuwar iyaka ke nan. Sannan ka ƙirga da ps -eLf | wc -l, kuma kada ka manta da harafin L, saboda kowane zare (thread, wato ƙaramin aiki a cikin manhaja) yana cin lamba daga rumbu ɗaya da manyan ayyuka. Idan adadin bai ko kusanci iyakar ba, ka bar pid_max yadda yake, ka duba sauran iyakokin yawan ayyuka: ulimit -u, da kernel.threads-max, da TasksMax na systemd, manhajar da ke tayar da ayyuka idan an kunna na'ura.

Mataki na biyu shi ne wanda ake tsallakewa, kuma shi ne ya taɓa hana ni barci. Ba haka kawai aka tsaya a 32768 ba. Babbar lambar da ke shiga ma'ajiya mai bit 16 wadda ke karɓar lambobin ƙasa da sifili ita ce 32767, kuma tsoffin manhajoji da yawa a irin wannan ma'ajiya suke ajiye PID. Masu kula da kanel ɗin Linux suna riƙe da ƙa'idar cewa ba a karya abin da ke yi wa mutane aiki, shi ya sa suka bar tsohuwar iyakar a matsayin tushe, suka ba mai na'ura damar ɗagawa. A wani ofishi da na yi wa aiki, akwai tsohuwar manhajar lissafi da aka rubuta da C, tana ajiye PID a short, wato irin wannan ma'ajiya mai bit 16. Bayan na ɗaga iyakar, lamba 40000 ta koma -25536 a cikinta. Wanda ya san kill, umarnin da ake aika wa aiki saƙon tsayarwa da shi, ya san cewa lamba mai alamar ragi tana nufin rukunin ayyuka gaba ɗaya, don haka saƙon tsayarwa ya daina isa inda aka aika shi, kuma yana iya faɗawa kan rukunin da ba ruwansa. Saboda haka kafin ka taɓa komai, ka binciki lambobin tushe (source code) na manhajar ka tabbatar pid_t, ma'ajiyar da aka tanada domin PID, aka yi amfani da shi, ka duba teburan bayanai masu ajiye PID a gurbin SMALLINT mai bit 16, da rubutattun umarni da ke zaton PID ba ya wuce lambobi 5. Idan babu lambobin tushe, ka gwada a wata na'ura ta daban, ka ɗaga iyakar a can, ka bari lambobin PID su haura 65536 kana kallo. Ni ba na yarda da gwajin da bai kai nan ba.

Idan komai ya tsaya daidai, ka ba da sysctl -w kernel.pid_max=4194304, wadda ita ce ƙarshen abin da na'ura mai bit 64 ke karɓa; mai bit 32 ba ta wuce 32768. Ka rubuta layin kernel.pid_max=4194304 a wani fayil cikin /etc/sysctl.d domin kada ya ɓace idan wuta ta ɗauke, na'ura ta sake tashi. Daga sigar systemd ta 243, ta shekarar 2019, ana ɗaga iyakar zuwa 4194304 tun wajen kunnawa, don haka sabuwar sabar da za ka mayar da tsohuwar manhaja kanta tana buƙatar wannan binciken tun kafin ƙaura.