Yadda ake ƙara gas a na'urar sanyaya mota a gida

Da zarar zafin watan Maris ya kankama a Abuja, sai masu mota su fara tururuwa zuwa kasuwar makanikai ta Apo neman gwangwanin gas, kuma akasarin waɗanda na gani sun gwada aikin da kansu a wuri ɗaya suke yin ɓarna.

Ka fara da ɗaga bonet ka karanta takardar da ke manne a ciki, domin ita ce ke faɗin nau'in gas da nauyin da motar ke ɗauka. Yawancin motocin Beljiyom da muke hawa R134a suke amfani da shi, wasu sababbi kuma R1234yf, kuma ba a gauraya su. Ka sayi tiyo mai agogon auna matsi, sannan ka guji gwangwanin da arharsa ta yi yawa, domin jabu ya cika kasuwa. Idan ka jona tiyon ka ga allura tana kan sifili, ka dakata: gas ba ya ƙarewa kamar fetur, yoyo ne ya zubar da shi, iska da danshi sun shiga, sai makanike mai injin zuƙe iska.

Bakin da za ka jona yana kan bututu mai kauri, murfinsa ɗauke da harafin L. Kada ka kusanci mai H. Ka sa safar hannu da tabarau, ka tayar da mota, ka kai sanyi da fanka ƙarshe, sannan ka leƙa kwamfuresa, wato injin da ke matse gas ɗin yana zagayawa da shi, ka tabbatar farantin gabansa ya kama yana juyawa, domin a lokacin kaɗai karatun agogo yake nuna maka ko gas ya isa.

Yanzu ga inda ake ɓarnar. Mutane suna ɗauka cewa yawan gas shi ne yawan sanyi, alhali idan ya wuce kima matsi yana hauhawa, sanyin ya ragu, kwamfuresa ya galabaita. Ni kaina na taɓa juye gwangwani biyu don kada kuɗina su tafi a banza, ba a yi mako ba kwamfuresan ya mutu a cunkoson Nyanya, na biya abin da ya ninka kuɗin gas sau da yawa. Saboda haka ka riƙe gwangwanin a tsaye, ka buɗe na daƙiƙa 5 zuwa 10, ka rufe, ka jira allura ta natsu, ka sa hannu a ramin iska ka ji. A zafin digiri 32, matsi tsakanin 45 da 55 a ma'aunin psi ya wadatar, amma wanda yake Jos da sanyin safiya kada ya bi wannan adadi, nasa bai kamata ya wuce 35 ba. Da allura ta kai, ka tsaya, ko da saura a gwangwanin.

Ka rufe gwangwanin, ka cire tiyo da hanzari, ka mayar da murfi, kuma kada ka bar ragowar a cikin motar da za ta wuni a rana.