Yadda Ake Gane Mai Laifi Idan An Tafka Kuskure A Ƙwallon Amurka

A ranar 6 ga Janairu 2019, a birnin Shikago, saura sakan 10 a tashi wasa, Cody Parkey ya tsaya zai buga ƙwallo daga nisan yadi 43, bugun da in ya ratsa tsakanin ƙarafan gida ake samun maki uku. Ƙungiyarsa ta Chicago Bears na da maki 15, Philadelphia Eagles na da 16, kuma duk wadda ta sha kashi ta fita daga gasar ke nan. Ƙwallon ta daki ƙarfen hagu, ta sauko ta daki na gicciye, ta faɗo waje. 'Yan kallo suka raka shi da ihu har ya bar fili, zagi kuma ya yi ta zuba a intanet. Washegari hukumar NFL mai shirya gasar ta sake duba hoton, ta gyara rubutunta: ashe yatsun wani ɗan bayan Eagles, Treyvon Hester, sun taɓa ƙwallon tun tana tashi. A hukumance tare ta aka yi. Amma gyaran bai kai kunnuwan da ihun ya kai ba, kuma kafin kaka ta gaba ƙungiyar ta sallami Parkey.

Wannan shi ne ciwon da ke damun masu kallon ƙwallon Amurka: ido yana bin wanda ya taɓa ƙwallo a ƙarshe, sai a bar jaki ana dukan taiki. Abin yana damuna, domin wasa ne da mutum 11 ke fitowa a kowane ɓangare, kowa da aikin da aka yanka masa, kuma yawancin aikin kyamarar talabijin ba ta nuna shi. Ga matakan da nake bi kafin in ce wane ne ya jawo.

Mataki na 1: Fara sanin me ake nema a wannan lokacin

Ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da dama huɗu ta ci gaba da yadi 10. In ta yi, a sake ba ta huɗu. In ta kasa, ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Don haka kafin ka ce komai, duba ƙasan allo: dama ta nawa ce, saura yadi nawa, saura lokaci nawa, maki nawa ne tsakani, kuma sau nawa ya rage wa koci ya iya tsayar da agogo. Jifa mai haɗari a dama ta farko, ana tsakiyar wasa, ganganci ne. Wannan jifan dai a dama ta huɗu, saura sakan 5, dole ne, domin babu wata mafita. In ba ka rarrabe waɗannan biyun ba, duk hukuncin da za ka yanke a kan yashi yake.

Mataki na 2: Tambayi kanka, mene ne aikin kowa?

Nan ne gizo ke saƙa, kuma nan ne mafi yawanmu ke tuntuɓe. A ƙwallon ƙafa ɗan wasa yana da 'yancin bin abin da idonsa ya nuna masa. A nan kuwa kowane taku an tsara shi tun kafin a ɗaga ƙwallo. Koci yana faɗa wa kwatabak, wato mai jifa kuma jagoran hari, tsarin da za a bi ta rediyon da ke cikin hular kwanonsa, ana yanke rediyon idan saura sakan 15 a agogon fara wasa, shi kuma ya isar wa sauran goma. Mutum biyar na gaba aikinsu tsare shi. Masu cafka kowa da hanyar da zai bi, wani lokaci ma hanyar tana canzawa gwargwadon yadda 'yan baya suka tsaya, kuma dole shi da mai jifa su karanta abu ɗaya a lokaci ɗaya. Shi ya sa idan ka ga ƙwallo ta faɗi inda babu kowa, kada ka yi saurin cewa mai jifa ya makance. Sau da yawa ya jefa ne inda aka yi alkawari, abokinsa ne bai je ba.

Dubi Super Bowl, wato wasan ƙarshe na gasar NFL, na ranar 5 ga Fabrairu 2017. Atlanta Falcons ta kai maki 28 da 3 a kan New England Patriots, daga baya ta sha kashi 34 da 28 a ƙarin lokaci. Inda ruwa ya fara juyawa shi ne zango na huɗu, maki 28 da 12, lokacin da Dont'a Hightower na Patriots ya afka wa Matt Ryan, kwatabak ɗin Atlanta, har ƙwallo ta suɓuce masa. A takardar alƙaluma sunan Ryan aka rubuta. Amma in ka mayar da hoton baya za ka ga abokin wasansa Devonta Freeman ne ya kamata ya tare Hightower, sai ya makara, mutumin ya wuce shi. In ka ƙara komawa baya kuma, yadi ɗaya kacal ake nema a dama ta uku, amma mai tsara hari Kyle Shanahan ya zaɓi jifa maimakon gudu da ƙwallo. Mutum uku ke nan, suna ɗaya tak a takarda.

Wannan tambayar wani lokaci tana tabbatar da laifi ne, ba kullum take wanke mutum ba. Ranar 18 ga Janairu 2015 Seattle Seahawks ta buga wa Green Bay Packers gajeren bugun da ake yi don a sake ƙwace ƙwallo, saura minti biyu da 'yan kai. Aikin Brandon Bostick na Green Bay shi ne ya tare maza, ya bar wa Jordy Nelson da ke bayansa ya cafke. Sai ya yi tsalle da kansa, ƙwallon ta daki hularsa, Seattle ta ɗauka. Wannan laifinsa ne, kuma bai musa ba. Wanda ya bar aikinsa ya shiga na wani, nauyinsa ya fi na wanda ya yi nasa aikin amma hannu ya ci amanarsa.

Mataki na 3: Kada ka ba takardar alƙaluma amana

A wasan buɗe kakar 2023, ranar 7 ga Satumba, Patrick Mahomes na Kansas City Chiefs ya jefa wa Kadarius Toney ƙwallo tsaf a hannu. Ta zame masa, ta faɗa hannun Brian Branch na Detroit Lions, ya ruga da ita har gida ya ci maki shida. Detroit ta yi nasara 21 da 20. A rubuce, Mahomes ne aka ƙwace wa jifa. Akasin haka ma yana faruwa kowane mako: mai jifa ya wurga ƙwallo kai tsaye ƙirjin ɗan baya, wancan ya yar, a wayi gari takardarsa fes. Alƙaluma suna faɗin inda ƙwallo ta ƙare, ba sa faɗin dalili. Shi ya sa kamfanonin nazarin wasa irin su PFF suke ƙirga jifan da ya cancanci a ƙwace, ko an ƙwace ko ba a ƙwace ba.

Mataki na 4: Nemi hoton da ke nuna kowa

Kyamarar da muke gani tana bin ƙwallo ne. Akwai wani hoto da ake ɗauka daga sama wanda ke nuna duka 'yan wasa 22, shi ne kociyoyi ke nazari, kuma tun 2012 NFL ta buɗe shi ga masu biyan kuɗi. In ba ka da shi, maimaicin da ake sakawa bayan an tsaya ma yana taimakawa: kalle shi sau biyu, na farko ka bi ƙwallo, na biyu ka manta da ita ka zuba wa mutum biyar na gaba ido. Gani ya kori ji. A Super Bowl na 7 ga Fabrairu 2021 Tampa Bay ta lallasa Kansas City 31 da 9, Mahomes bai ci ko tacdawun ɗaya ba, wato kai ƙwallo gidan abokan hamayya a ci maki shida. Wanda ya kalli layin gaba ya san dalili: manyan masu tsare shi na gefe biyu, Eric Fisher da Mitchell Schwartz, duk suna jinya, shi kuma ya kwana yana gudun ceton rai.

Mataki na 5: Raba shawara da sakamako

Wannan shi ne mafi wuya, domin zuciya ba ta so. Misalin da har yau ake gardama a kansa shi ne Super Bowl na 1 ga Fabrairu 2015 a jihar Arizona. Patriots na gaba da 28 da 24. Seattle na kan yadi ɗaya da layin cin maki, dama ta biyu, saura sakan 26, da damar tsayar da agogo guda ɗaya. Suna da Marshawn Lynch, mai gudun da ba ya faɗuwa da sauƙi. Sai kwatabak ɗinsu Russell Wilson ya jefa wa Ricardo Lockette, Malcolm Butler na Patriots ya shiga gaba ya cafke. Kusan duk Amurka ta ce kocin Seattle Pete Carroll ya yi wauta.

Hujjar Carroll ita ce agogo. In ana son a yi amfani da dama ukun da suka rage, sai ɗaya ta zama jifa, domin jifan da ya faɗi ƙasa yana tsayar da lokaci, gudu kuwa ba ya tsayarwa. Ga kuma Patriots sun cika gaba da manyan ƙarti suna jiran Lynch. A ganina yin jifa ba hauka ba ne. Abin da nake tuhuma shi ne irin jifan, cikin tsakiya inda jikuna suka cunkushe, maimakon gefe inda in an rasa ƙwallo waje za ta fita. Sannan akwai abin da masu zagi ke tsallakewa. An tsara Jermaine Kearse na Seattle ya toshe wa Butler hanya, sai Brandon Browner na Patriots ya riƙe shi a kan layi bai bar shi ya motsa ba, Butler kuma ya riga ya ga wannan tsarin a atisaye, ya gane shi tun kafin a jefa. Butler yaro ne sabon shiga wanda babu ƙungiyar da ta zaɓe shi a ranar zaɓen sababbin 'yan wasa. Abokan hamayya ma albashi suke karɓa. Wani abin da muke kira kuskure, bajintar wancan ɓangaren ce, kuma hana Butler yabonsa shi ma rashin adalci ne.

Gwajin da nake yi wa kaina shi ne: da Lockette ya cafke, zan ce shawarar ba ta da kyau? In amsar a'a ce, to sakamakon nake zagi.

Mataki na 6: In bugu ne, mutum uku ne da katanga

Mai bugu shi ne marayan wannan wasa, kamar mai tsaron gida a ƙwallon ƙafa. Amma kafin ƙafarsa ta taɓa ƙwallo, wani ya wurgo ta zuwa baya, wani ya cafke ya kafa ta ya juya ɗinkin ya kalli gaba, sauran suna tare maza. Ranar 10 ga Janairu 2016, cikin sanyin da ya yi ƙasa da sifili sosai, Blair Walsh na Minnesota Vikings ya zubar da bugun yadi 27, Seattle ta wuce da 10 da 9. Ɗinkin ƙwallon yana kallonsa lokacin da ya buga. Duk da haka bugu ne na kusa, shi ma ya ce laifinsa ne, kuma na yarda kaso mafi girma nasa ne. Sai dai duka maki 9 ɗin da ƙungiyarsa ta samu ran nan daga ƙafarsa suka fito. Ina sauran suke tsawon minti 60? In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Mataki na 7: Tsautsayi ne ko hali?

Kuskure ɗaya ba ya bayyana mutum. Amma in ya maimaitu, tambaya ta koma kan wanda ke ci gaba da saka shi. Parkey, makonni kafin wancan dare, ya daki ƙarfe har sau huɗu a wasa ɗaya da Detroit. Don haka masu cewa ba a kansa kaɗai abin yake ba suna da gaskiya, masu cewa an daɗe da ganin alama su ma suna da tasu. Haka kuma ka duba ko mutumin a wurinsa yake. Kyle Williams na San Francisco 49ers, wanda ƙwallo ta kuɓuce masa sau biyu a wasan 22 ga Janairu 2012 da New York Giants, yana cike gurbin Ted Ginn ne da ya ji rauni. Abin da ya biyo baya har da barazanar kisa a intanet. Babu wani kuskuren fili da ya kai a yi wa ɗan mutane haka.

Mataki na 8: Ƙirga wasan duka kafin ka raba kaso

Kuskuren minti na ƙarshe shi ake tunawa, amma maki ɗaya ne da na minti na farko. Kafin Bostick ya yi tsalle, Green Bay ta je hutun rabin lokaci da 16 da 0, ta ƙwace jifan Wilson sau huɗu, kuma sau biyu a zangon farko tana kan yadi ɗaya koci Mike McCarthy ya zaɓi bugun maki uku. Saboda haka idan za ka yanke hukunci, ka faɗe shi da kaso: wannan na koci, wannan na wanda ya bar aikinsa, wannan na wanda hannu ya ci amanarsa, wannan bajintar abokan hamayya.

Mutanen Buffalo sun taɓa yin wannan lissafin. Ranar 27 ga Janairu 1991 Scott Norwood ya buga daga yadi 47, saura sakan 8, ƙwallon ta bi ta dama, Buffalo Bills ta rasa Super Bowl a hannun Giants da 20 da 19. A wannan wasa Giants ta riƙe ƙwallo minti 40 da sakan 33, 'yan bayan Buffalo sun kasa sauke su daga fili, kuma yadi 47 a kan ciyawa a wancan zamani ba bugu ne mai sauƙi ba. Da ƙungiyar ta koma gida, dubban mutane suka taru a dandalin Niagara da ke tsakiyar birnin. Norwood yana can baya cikin 'yan uwansa, sai jama'a suka yi ta kiran sunansa har sai da ya fito gaba ya karɓi makirufo, yana magana muryarsa na rawa.